Akwatin Tabar Manaja

Gombe,
8 ga Maris, 1977.

Zuwa ga ɗana George,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji, da fatan kana lafiya kai da iyalinka. Ni ne Jesse Yuguda na Gombe. Idan ka manta ni ba laifinka ba ne. Kakarka Elizabet da mahaifiyata 'ya'yan wa da ƙani ne, kuma rabonmu da haɗuwa tun jana'izar kakar taka a Kaltungo, shekara tara ke nan. Ni ne dogon nan da ya dafa wa baƙi shinkafa. Adireshinka a wurin Fastonmu na samu.

Mu nan da sauƙi. Matata, mamanka Dokas, ce dai tun bara ɓarin jikinta na hagu ya shanye. Tana magana, tana cin abinci da hannunta, amma tashi sai na ɗaga ta. Zafin bana kuma ya shigo da wuri, wanki kafin ka juya ya bushe ƙayau.

Abin da ya sa na rubuto maka shi ne wannan. Shekarata ashirin da shida ina kuku a gidan manajan kamfanin auduga, kuma a ɗakunan bayan gidan muke zaune. Turawa huɗu na yi wa aiki. Yanzu ɗan ƙasa ne, Malam Dalhatu, matashi mai ilimi, bara ya dawo daga Ingila. Ba ya zagi, ba ya tsawa, amma har yau ban taɓa sanin abin da ke ransa ba.

Jiya da safe, mota na jiransa zai tafi Kano ya hau jirgi, sai ya kira ni falo. Ga wani akwati a kan tebur, tsawonsa kamar kamu biyu, bayansa yana ƙyalli har kana ganin fuskarka. Ya buɗe. Cikinsa farin katako ne mai ɗan ja, da ƙamshi kamar na sabon fensir. A jikin murfin akwai wani ɗan agogo mai hannu ɗaya, da wani gwangwani mai ƙofofi, da soso a ciki.

Ya ce, "Baba Jesse, ka san wannan?"

Na ce, "Na sani, ranka ya daɗe."

George, ban sani ba. Bakina ne ya riga ni. Domin watan jiya ina zuba shayi na ji yana gaya wa wani baƙo cewa a Kaduna akwai makarantar da ake yaye kuku na zamani, waɗanda ba sai an yi musu bayani sau biyu ba.

Ya ce, "Madalla. Ka yi masa sizinin kafin in dawo ranar ashirin ga Afrilu. Ranar ashirin da uku manyan kamfani za su zo daga Legas, har da Turawa biyu. A cikinsa zan miƙa musu taba. Tabar tana cikin kabad ɗina." Ya ɗauki jakarsa ya fita.

Ni sizinin da na sani nama ake yi wa, da gishiri da masoro. Na duba tabar, irin ta ganye ce naɗaɗɗiya, kaurin babban yatsa, ashirin da biyar jere a kwali. Turawan da na yi wa aiki duk lofe suke sha, ban taɓa riƙe irin wannan ba.

A nan ba ni da wanda zan tambaya. Ni dattijon ikkilisiya ne, in aka ji ina yawon tambayar yadda ake gyara akwatin taba, da wane ido zan dubi mutane ranar Lahadi? Akawun ofis kuwa duk abin da ya ji sai ya kai kunnen Manaja. An ce kai kana babban otel, kana hulɗa da manya. Ka taimaki tsoho. Ka rubuto da Hausa, dalla-dalla, ta akwatin gidan waya na majami'a.

Ni ne babanka,
Jesse Yuguda.


Legas,
18 ga Maris, 1977.

Baba Jesse,

Ina gaishe ku da girmamawa, ina kuma gaida Mama Dokas da jiki. Ubangiji ya miƙa hannunsa ya taɓa ta. Yaya zan manta ku? Ku ne kuka ɗebar mini ƙanzon shinkafa a bayan rumfa ranar da kowa ya manta da yara. Mu duka lafiya, matata Edna tana gaisuwa. Wasiƙarku shekaranjiya ta iso, kwana takwas a hanya.

Ku kwantar da hankalinku, abin ba wuya. Sunan akwatin humido. Muna da biyu a mashayar otel, ni nake kula da su. Ita wannan taba ba ta son bushewa, in ta bushe fashewa take yi. Katakon ciki kuwa sabo ne, ƙishirwa gare shi. In aka zuba taba yanzu, shi zai shanye danshinta. Saboda haka sai an fara shayar da shi. Sizinin ɗin ke nan, ba gishiri ba barkono!

Ga yadda za ku yi. Kada ku taɓa shi da ruwan famfo ko na rijiya, zai yi fumfuna. Ku je wurin bakanike ku samo ruwan batir, shi muke amfani da shi a nan domin ba shi da datti ko kaɗan. Ku samu sabon farin ƙyalle ku jiƙa, ku matse, ku shafe cikin akwatin a hankali. Ku jiƙa soson nan na murfi. Sannan ku zuba ruwan a ƙaramin kofi ku ajiye a tsakiya, ku rufe. Kwana goma sha huɗu kada ku buɗe, ko zuciya ta ce ku leƙa. In kun buɗe za ku ga hannun agogon ya kai wajen saba'in. To a lokacin za ku jera tabar.

Ita tabar ku fitar da ita daga kabad yau ɗin nan. Ku sa kwalin a gwangwanin biskit, ku rufe, ku ajiye gindin randa inda yake da sanyi.

In kun bi wannan, Manaja zai ɗauka a Landan kuka yi karatu. Ku rubuto in ji yadda aka yi.

Ɗanku,
George.


Gombe,
29 ga Maris, 1977.

Ɗana George,

Ubangiji ya sa maka albarka, ya ba ka 'ya'yan da za su ji ƙanka. Muna lafiya. Dokas ta ce in gaya maka ta ji daɗin addu'arka. Makon nan ta iya motsa yatsu biyu na hannun hagu, mun gode wa Allah.

Wasiƙarka ta same ni ranar Asabar. Na karanta ta sau uku, na karanta wa Dokas sau ɗaya, ta yi dariya wajen gishiri da barkono. Rabon da in ji dariyarta an daɗe.

Jiya Litinin na tafi garejin Iro, wanda yake gyara motocin kamfani, da kwalbata a hannu. Na ce ruwan batir nake so. Ya ce, "Baba, wanne? Na ƙari, ko wanda ake zuba wa sabon batir?" Ban so in gaya masa zancen taba ba, ga yaransa sun zuba mini ido. Na yi tunani, ai ka ce katakon sabo ne mai ƙishirwa. Sai na ce, "Abin dai sabo ne fil, ba a taɓa zuba masa komai ba." Ya ce, "To mai ƙarfin za a ba ka." Ya zuba mini daga wani babban tulun gilashi, ya ce in kula da tufafina. Mutumin kirki, ya ce in gaida Manaja.

Na yi duk yadda ka ce. Gaskiyarka, katakon nan ƙishirwa gare shi. Ina shafawa yana shanyewa, har sai da na shafa sau uku domin kada in yi masa rowa. Launinsa ya ɗan yi duhu, ina jin haka ake so. Na jiƙa soson sosai, na ajiye kofi, na rufe. Sai dai ba ka gaya mini ruwan yana da zafi a hannu ba. Yatsuna sun yi ta raɗaɗi sai da na tsoma su a bokiti, yau fatar tana ɗan saluɓewa. Ƙyallen ma da na shanya na tarar ya hudhuje kamar ɓera ya ci. Lallai kayan Turawa sai da ƙarfi.

Tabar na sa ta a gwangwani gindin randa. Huɗu daga ciki rigarsu ta riga ta tsage, sauran da sauƙi.

Akwatin yana ɗakin Manaja, na rufa masa tawul. Na ƙirga, ranar Litinin ta Ista zan buɗe. Kullum in na shiga shara ina ganinsa, zuciya tana cewa leƙa, sai in tuna maganarka in wuce. Yanzu abinci yana shiga mini.

Babanka mai godiya,
Jesse.


Legas,
7 ga Afrilu, 1977.

Baba,

Ku gafarce ni, ko gaisuwa ba zan iya tsayawa yi ba. Yau da safe na karɓi wasiƙarku, a tsaye na karanta ta, sai da na nemi wurin zama. Daga nan gidan waya na wuce na buga muku talgiram. Ina roƙon Allah ta riga wannan isa.

Baba, ba wannan ruwan ba ne. Ruwan batir iri biyu ne. Na ƙari shi ne tatacce, ruwa ne zalla, ko sha aka yi ba ya komai. Shi nake nufi. Wanda aka ba ku guba ne, yana cin ƙarfe balle katako. Mu a nan in an ce ruwan batir kowa ya san na ƙari ake nufi, shi ya sa ban bambance ba. Kun ce in rubuto dalla-dalla, ni kuma na tsaya ina zolaya da gishiri da barkono, na bar kalma ɗaya da ta fi komai.

Ku buɗe akwatin nan take. Kada ku taɓa kofin da hannu, ku kama da matsefin girki. Ku zubar a rami nesa da kaji. Ku jiƙa kanwa ku wanke cikin da ita. Ku kai yatsunku asibiti. Kada ruwan ya kusanci idonku, kada a bar kwalbar inda Mama za ta ɗauka ruwan sha ne.

Ina rubuta wannan ina sane yau kwana goma ke nan abin yana rufe, kuma ni ne na ce kada ku buɗe. Na je wurin shugabanmu na roƙi hutun kwana biyar in taho, ya ce otel cike yake da baƙin Ista, wanda ya tafi kada ya dawo. Na gwada neman layin ofishinku ta tarho, aka ce layin Arewa ya lalace tun makon jiya. Da na samu ma, wa zai ɗauka in ba akawun nan ba?

Edna ta ce in ci abinci. Na kasa.

George.


Gombe,
13 ga Afrilu, 1977.

Ɗana George,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji da ya tashi daga matattu. Da fatan kun yi Ista lafiya. Dokas tana nan yadda take. Yatsuna sun kama warkewa, Dokas ta sa na shafa man shanu.

Talgiram ɗinka jiya Talata aka kawo ta. Gidan waya a rufe yake tun Jumma'a saboda hutu. Na karanta: BUDE AKWATI YANZU RUWAN GUBA NE. Ɗana, na riga na buɗe tun shekaranjiya, ranar da na ƙirga.

Na dawo daga sujada ta safe, na wanke hannu, na yaye tawul. Tun kafin in taɓa na ga murfin ya ɗan karkace. Da na ɗaga sai ɗaya daga maƙalun ƙarfen da ke riƙe murfin ta baya ta ɓalle a hannuna, ta zama kore. Cikin kuwa baƙi ƙirin kamar gindin tukunya. Na sa yatsa, katakon ya burme kamar gawayin da ruwa ya daka. Soson ya narke, ya ɗiga ya ci rami a ƙasan akwatin. Agogon gilashinsa ya yi hazo, hannun ya maƙale. Ƙamshin nan mai daɗi babu shi, sai wani tsami mai hawa kai.

Sannan na rufe, na koma kicin na dafa wa Dokas kunu, domin lokacinsa ya yi.

Jiya na naɗe shi a buhu na kai wa Elias kafinta a unguwar Herwagana. Ɗan majami'armu ne, amma yanzu kunya ta ƙare mini, na gaya masa komai. Ya juya shi, ya ƙwanƙwasa, ya kankara da wuƙa. Ya ce, "Dattijo, bayan nan lafiyarsa lau, in an goge. Maƙala zan iya sa wata. Amma katakon ciki ba na ƙasar nan ba ne. Ina da maɗaci, ina da ƙirya, ina da katakon akwatin sabulu. In na sa masa ɗaya daga ciki, makaho ma zai gane da hanci." Na ce ya gwada. Ya ce, "In na ɓamɓare na ciki, bayan zai tsage, domin manne suke. Gara ka mai da shi yadda yake, aƙalla a ga ba ka ɓoye ba." Ya raka ni har bakin titi.

Dokas ta gane tun ranar, ko da ban faɗa ba. Ta ce, "Jesse, ka ce ɓarawo ne ya shigo ya ɗauke." Matar da ba ta taɓa ɗaukar ko allurar wani ba! Sai ta kama kuka ta ce Allah ya gafarta mata, ɗakin nan ne take tunani, domin asibiti kusa yake da mu. Na ce in na ce ɓarawo ne, maigadi za a kama.

Saura kwana bakwai. Ban rubuto domin ka yi wani abu ba, na san kafin wannan ta iske ka Manaja ya dawo. Na rubuto ne domin ba ni da wanda zan faɗa wa.

Babanka,
Jesse.


Legas,
22 ga Afrilu, 1977.

Baba Jesse,

Ina gaishe ku, ina gaida Mama. Mu lafiya, in ana kiran wannan lafiya.

Tun ran da na buga talgiram nake yawo. Duk manyan kantunan titin Marina na shiga. Wuri ɗaya suka ce sun taɓa kawowa, sun ƙare lokacin bikin al'adu, wasu suna cikin jirgin ruwa da ya yi wata huɗu yana jiran layi a tashar Apapa. Na roƙi shugabanmu ya ba ni aron ɗaya daga na otel, ya dube ni kamar na zautu. Wani Bature da yake sauka wurinmu ya ce zai iya aiko mini daga ƙasarsu, a watan Yuli.

Yau da nake rubutu na san Manaja ya kwana biyu da dawowa, gobe kuma baƙinsa za su zo. Abin da zai faru ya riga ya faru, ni ina nan ina goge kofuna ban san komai ba.

Ga wata takarda na haɗo da Turanci, zuwa ga Malam Dalhatu. Na bayyana masa cewa ni na ba da umarnin, kuskuren nawa ne, ku kun bi abin da aka rubuta muku ne kawai. Na sa sunana da na otel ɗinmu. Ku ba shi, ina roƙonku. Ko a makare ne.

Ku rubuto, Baba. Ko layi ɗaya.

Ɗanku,
George.


Gombe,
3 ga Mayu, 1977.

Ɗana George,

Alherin Ubangiji ya kasance tare da kai da Edna. Wasiƙunka biyu duk sun iso, ta bakwai ga wata da ta ashirin da biyu. Na gode da wahalar da ka sha. Dokas tana gaishe ka. Ka yi haƙuri da rubutun, a kan gwiwa nake yi, an riga an ɗaure tebur.

Manaja ya dawo ranar da ya ce. Na bari ya yi wanka ya ci abinci. Sannan na ɗauko akwatin na ajiye a gabansa, na durƙusa. Na ce, "Ranka ya daɗe, ran da ka tambaye ni ko na san wannan abu, ƙarya na yi maka. Ban sani ba. Na nemi a koya mini, na yi kuskure, na lalata shi."

Ya buɗe ya duba. Ya sa bakin biro ya taɓa katakon. Ya ce, "Kash." Ya rufe. Ya juya shi ya dubi bayan, ya ce, "Ai nan bai yi komai ba. Goge shi ka ɗora a kan kanta, a rufe. Tabar kuma ka zaɓi masu kyau ka jera a faranti." Ya ce in tashi, ba ya son durƙuso. Shi ke nan. Na yi ta jiran faɗa, faɗa bai zo ba.

Ranar Asabar baƙi suka zo. Na gasa rago, na yi musu irin kek ɗin da matar Bature na biyu ta koya mini. Wani daga cikin manyan Legas ya hango akwatin a kan kanta ya ce kai, wannan kaya ne. Manaja ya ce a Landan ya saya. Ba wanda ya tashi ya buɗe. Mutum uku ne kawai suka kunna tabar, ɗaya ma tari ya sarƙe shi ya kashe ta a cikin miya. Da suka tafi na gaya wa Dokas ina jin mun tsira. Muka yi addu'ar godiya.

Ranar Litinin da safe ya kira ni ya jawo aljihun tebur ya miƙo mini ambulan. Ya ce kamfani ya gode da aikina, shekaru sun ja, lokacin hutu ya yi. Sabon kuku zai iso daga Kaduna ranar biyar ga Mayu, kuma yana bukatar ɗakunan. Na ce, "Saboda akwatin ne, ranka ya daɗe?" Ya ce, "Wane akwati?" Sai ya tuna, ya ce, "A'a, haba Baba."

Na ɗauka kara ce yake yi mini. Na kai wa Fasto takardar ya karanta mini. Ya karanta har ƙarshe, sannan ya nuna mini kwanan watan da ke sama. Uku ga Maris, George. Kwana huɗu kafin ya kira ni falo. Ya bar ta ne a aljihun tebur har a yi liyafar, domin kada baƙi su zo babu mai dafa musu abinci. Duk kwanakin nan ina goge teburin nan safe da yamma.

Saboda haka takardarka ta Turanci ban ba shi ba, kuma ina so ka sauke wannan kaya daga kanka. Da ka rubuto daidai, da na shayar da katakon nan da ruwan da ya dace, da agogon ya nuna saba'in cif, yau ɗin nan dai da muna ɗaure kaya. Ban san ko wannan zai sanyaya maka rai ba. Ni wani lokaci yana sanyaya mini, wani lokaci ya fi ciwo.

Jibi za mu tafi gida. Matan zumuntar majami'a sun zo sun taya ni ɗaure kaya, sun yi wa Dokas waƙa. Direban wata babbar mota mai zuwa Kaltungo ya yarda a shimfiɗa mata katifa a baya. Daga ƙauyenmu zuwa asibitin mishan tafiyar rabin yini ce a ƙafa, ban san yadda za mu riƙa yi ba. Ta tambaye ni, na ce Allah yana nan. Ta ce ta sani, amma wa zai ɗauke ta?

In za ka rubuto, ka aika ta hannun Faston Kaltungo, yana zuwa wajenmu sau ɗaya a wata. Ka rubuto labarin yaranka, ka bar zancen akwati.

An gaya mini gonar mahaifina tana nan, ƙaya ta cinye ta. Shekaranjiya aka yi ruwan farko, mutane sun fara shuka. Da safen nan na shiga kasuwa na sayi fartanya. Maƙerin ya dubi tafin hannuna ya ce, "Baba, wa za ka kai wa?" Na ce tawa ce.

Ni ne babanka,
Jesse Yuguda.